Kaska a damina: me ake shafawa a jiki, me ake fesa wa tufafi?

Abba Gwale:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ruwa ya zauna, ciyawa ta tashi, kuma lokacin ne ake yawan shiga cikinta: masu yankan ciyawar dabbobi a bayan gari, ɗalibai masu zuwa aikin fili, matasa masu yawon buɗe ido Tiga da dajin Falgore, ga masu zuwa kara sayen dabba. Tambayar ita ce, man da ake shafawa don sauro yana hana kaska kama mutum? In yana hanawa, wane iri, kuma yaya ake amfani da shi? Masana a taimaka mana da bayani dalla-dalla.

Malam Tijjani Ɗorayi:
Wa'alaikumus salam. Kafin a je ga magani sai an san yadda kaska take zuwa, don a nan mutane suke yin kuskure. Sauro daga sama yake sauka a kan fatar da ke buɗe. Kaska ba ta tashi, ba ta tsalle, ba ta da fiffike. Hawa take yi kan tsinin ciyawa, ta riƙe da ƙafafun baya, ta miƙa biyun gaba tana jira. A jikin waɗannan ƙafafun gaban akwai wani ɗan gurbi da take jin numfashin dabba da ɗumin jiki da wari da shi. Kana gogar ciyawar ta kama bakin wandonka ko takalminka, daga nan ta fara hawa sama tana neman wuri mai laushi da ɗumi.

Wato wanda ya shafe fuska da hannuwa ya bar ƙafa a silifas bai yi komai ba. Yaƙin daga gwiwa zuwa ƙasa yake.

Sannan ba duka ne masu haƙurin jira ba. Iri biyu da muke da su a nan arewa biyo mutum suke yi. Akwai mai zane a baya, wadda namijinta yake da ado kalar ruwan goro, ita ce ake gani a hantsar saniya da ƙarƙashin wutsiya. Manyanta da damina suke yawa, ƙananan kuma da rani. Akwai kuma mai dogayen ƙafafu masu ratsin fari da ja, ta jikin shanu da raƙuma, tana ɓuya a ƙasa, in ta ji motsi ta fito da gudu. Wanda ya zauna a gindin bishiyar da shanu suke hutawa, ko bai taɓa ciyawa ba za su same shi.

Famasis Hadiza:
Malam ya share mana fage. Amsar Abba a taƙaice: wani yana hanawa, wani ba ya hanawa, kuma ba sunan da ke gaban kwali ake dubawa ba, bayan kwalin ake juyawa a karanta sinadarin da ke ciki da yawansa. Guda huɗu ne fitattu cikin waɗanda aka tabbatar suna korar kaska a fata.

Na farko DEET. Tsoho ne, an ƙirƙiro shi a Amurka a 1946 don sojoji, aka fara sayar wa jama'a a 1957. Don kaska a nemi mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ku lura, wannan lambar ba zafin maganin take nufi ba, tsawon lokacin da zai yi yana aiki take nufi. Mai kashi 10 kamar awa biyu yake yi, mai kashi 30 kamar awa biyar, wannan ma lissafin sauro ne, kaska ta fi taurin kai. In ya haura kashi 50 ba wani ƙarin da ake samu, kuɗi kawai aka ƙara da ƙaiƙayin fata.

Na biyu fikaridin, a jikin kwalba za ku ga Picaridin ko Icaridin. Mai kashi 20 ake so. Ba shi da maiƙo, warinsa kaɗan ne, kuma ba ya cin roba. A ganina ya fi dacewa da zafin Kano, matsalarsa samuwa, ba kowane kemis yake ajiye shi ba.

Na uku IR3535, shi ma mai kashi 20. Na huɗu wanda ake haɗawa daga man wani nau'in bishiyar turare mai ƙamshin lemon tsami, ana rubuta PMD ko OLE a jikinsa. Wannan ba a shafa wa yaron da bai kai shekara 3 ba.

In kun juya kwali ba ku ga ɗaya daga cikin huɗun nan ba, ko kun gani amma ba a faɗi kashi nawa ba ne, ku ajiye shi. Haka in babu lambar NAFDAC ko ranar lalacewa.

Abba Gwale:
Hajiya, to yawan shafawar fa? Wasu cewa suke a lafta sosai.

Famasis Hadiza:
A'a. Shafa ɗaya siririya wadda ta game wurin ta isa, kamar yadda ake shafa mai bayan wanka. Laftawa ba ta ƙara masa lokaci. Abin da ya fi muhimmanci kada a bar gurbi, don kaska tana iya ratsa ɗan wurin da maganin bai taɓa ba ta wuce. A zagaye idon sawu gaba ɗaya, ƙwauri, bayan gwiwa in wandon gajere ne, wuyan hannu, wuya da ƙeya.

Ba a shafawa a ƙarƙashin tufafi. Ba a sawa a kan ciwo, ƙurji ko inda aka yi aski yanzu. Ba a fesa shi kai tsaye a fuska, a tafin hannu ake fesawa a shafa, a kauce wa ido da baki. Mai shafa man jiki ko basilin ta fara da shi, ta bari ya shiga, maganin ƙwarin ya zama na ƙarshe a sama. An dawo gida a wanke da sabulu, kada a kwana da shi.

Yara: jaririn da bai kai wata 2 ba ba a shafa masa ko ɗaya, a rufe shi da tufafi da gidan sauro. Wanda ya wuce haka babba ne zai shafa a hannunsa ya shafa masa, kuma ba a sa wa yaro a tafin hannu, don bakinsa da idonsa zai kai. Kada a wuce kashi 30. Mai ciki da mai shayarwa suna iya amfani da DEET ko fikaridin yadda aka rubuta a kwalin.

Wani abu game da DEET: yana narkar da roba. Gilashin agogo na roba, firam ɗin tabarau, rigar waya, carbin roba, fentin babur, yadi mai talewa irin na kayan ƙwallo, duk yana ɓata su. A wanke tafin hannu bayan an shafa kafin a ɗauki waya.

Malam Tijjani Ɗorayi:
In ƙara abin da takardar cikin kwali ba za ta faɗa ba, don ba da mu aka rubuta ta ba: alwala. Wanda ya shafa da ƙarfe tara na safe, ya yi alwalar azahar, ya wanke hannu zuwa gwiwar hannu da ƙafa zuwa idon sawu, to daidai wuraren da ya fi buƙatar maganin ya wanke. Sai ya bari jikin ya bushe ya sake shafawa. Gumi ma haka, da ratsa ruwa a fadama ko gonar shinkafa irin ta Kura da Kadawa. Awa biyar ɗin nan ta kwali ta mutumin da ke zaune a inuwa ce.

Shi ya sa ni ban ɗora nauyin duka a kan abin shafawa ba. Maganin tufafi ya fi shi aiki a kan kaska nesa ba kusa ba. Sunansa fametirin, a kwalba Permethrin 0.5%, wanda aka rubuta na tufafi ne. Bambancinsu: DEET korar kaska yake, fametirin kashe ta yake. In ta hau yadin da aka fesa, cikin ɗan lokaci ƙafafunta su rikice ta faɗo.

Yadda ake yi. A wanke kayan su bushe, in za a yi guga a yi tun kafin fesawa. A rataye su a waje inda iska take, a inuwa, ba a cikin ɗaki ba, kuma ba a jikin mutum ba. A sa safar hannu, a juya wa iska baya. A riƙe kwalbar kamar taƙi ɗaya daga yadin, a bi shi a hankali, wajen daƙiƙa 30 kowane ɓangare, har ya yi danshi ya ɗan sauya launi amma ba ya ɗiga. A fi ba da ƙarfi a bakin wando, kugu, bakin hannun riga da wuyanta. Safa da takalmi su ne kan gaba, in maganin kaɗan ne a fara da su. A bar su awa 2 su bushe, in gari da danshi kamar na Agusta awa 4. Ba a fesa wa kamfai da singileti.

Fesawa ɗaya tana kai mako 6 ko wanki 6, duk wanda ya riga zuwa. Rana tana cinye shi, dirzar wanki ma haka, don haka a ware kaya ɗaya na shiga daji, a riƙa wanke su daban, a ajiye a baƙar leda.

Gargaɗi: kyanwa ba ta jure fametirin, hantarta ba ta iya narkar da shi, in ta taɓa shi yana jiƙe sai karkarwa da farfaɗiya, har mutuwa. Yana kashe kifi da ƙudan zuma. Masu tafkin kifi a gida su yi nesa da shi, kuma kada a zuba ruwan ɗaurayar kwalbar a kwata mai shiga kududdufi.

Alhaji Sabo Mai Kiwo:
Malam Tijjani, gaskiya ɗaya ce. Wannan na tufafin da kake faɗa, a zagaye Sabon Gari a ga shago nawa ne suke da shi. Amma na dabbobi da na feshin gona ga shi nan ko'ina. In mutum ya samu mai kashi 10, ai lissafi ne: murfi ɗaya na magani, murfi 19 na ruwa, ya zama rabin kashi ɗaya. Me ya raba shi da wancan?

Famasis Hadiza:
Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne, amma ba lissafin ne matsalar ba. Sauran kashi 90 ɗin da ke cikin kwalbar fa? Na gona da na dabbobi yawanci a cikin mai dangin kananzir ake narkar da su, shi ya sa suke yin fari kamar madara in an zuba ruwa. Wannan man yana zama a yadi, ya haɗu da gumi ya ƙona fata, musamman kugu da matsematsi. Na biyu, sunayen suna kama da juna. Wani zai je neman fametirin a miƙo masa saifametirin ko wani haɗin da aka gauraya da sinadari mai guba sosai, shi kuwa ya ga duk ƙarshensu ɗaya. Ban yarda a ba jama'a wannan shawarar ba.

Malam Tijjani Ɗorayi:
Ina tare da Hajiya a kan duk abin da zai taɓa fata. Amma kada mu bar Alhaji hannu wofi. Wanda bai samu na tufafi ba, DEET ɗin kansa ana fesa shi a kan safa da bakin wando in na auduga ne, yana taimakawa na wasu awanni. A haɗa da shiga mai kyau: dogon wando, a cusa bakinsa cikin safa, a cusa riga cikin wando, a sa rufaffen takalmi ko rambut. In ciyawar ta kai kugu a naɗe haɗin safa da wando da salatif. Kaya masu haske, fari ko ruwan ƙasa, don a hango ta tana tafiya. Dalilin cushe-cushen shi ne a tilasta mata bin wajen tufafi, ta yi doguwar tafiya inda ido zai gan ta. Babbar riga da dogon hijabi mai jan ƙasa kuwa tsani ne aka kafa mata. Mata su sa wando a ciki da safa, a ɗage hijabin daga ciyawa. In an yi haka sai dai ta mutu da haushin kifi.

Dakta Nura, likitan dabbobi:
Salamu alaikum. Abin da Alhaji ya taɓo yana da reshe mafi muni, gara a faɗe shi fili. Fiya-fiya ba maganin shafawa ba ne, ba na tufafi ba ne, ba na jikin dabba ba ne. Yana ratsa fata ya shiga jini. Alamomin gubarsa: dalalar miyau, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, amai, numfashi ya yi wuya. In ya zuba a jikin mutum a tuɓe kayan, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai.

Sai batun tushen kaskar. A cikin gari yawanci ba daga daji mutum yake kwaso ta ba, dabba ce take kawo ta har gida. An sayo sa ranar Juma'a a Wudil, ko rago a 'Yan Awaki, an ɗaure a tsakar gida, macen da ta ƙoshi da jini ta faɗo ta shige tsagar bango ta zuba dubban ƙwai. Bayan makonni gida ya cika da 'ya'ya ƙanana kamar ƙwayar gero, har sun fi ta ƙanƙanta.

Ga shanu, maganin kaska amitaraz mai ƙarfin kashi 12.5 ana haɗa mililita 2 a lita ɗaya ta ruwa. Jarka mai lita 20 ke nan mililita 40. A auna da sirinji, ba da murfi ko ido ba. Ragewa don tsimi shi yake sa kaska ta saba da magani har ya daina kashe ta. A haɗa wanda za a ƙarar a ranar, a jiƙa dabbar sosai, a bi cikin kunne, hantsa, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin kofato. Na tumaki da awaki ma'auninsa daban, a duba takardar. Kuma don Allah masu dawakin hawan sallah: ba a sa wa doki amitaraz, yana tsayar masa da hanji ya kashe shi. Jaki ma a kiyaye.

Kowane maganin yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, an rubuta a jiki. Allurar aibamektin, ta kashe kaska da tsutsar ciki, makonni take ɗauka. Mai ragon layya ya yi lissafi tun da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta a yi wa dabba maganin kaska mako 2 kafin yanka.

Alhaji Sabo Mai Kiwo:
Na karɓa, Likita. Man darbejiya fa? Shi ai ba guba ba ne, kuma ga bishiyar a kowane lungu.

Dakta Nura, likitan dabbobi:
Yana da ɗan tasiri, ba a musa ba, amma ba ya daɗewa, kuma ƙarfinsa ya danganta da yadda aka tatse shi, kwalba biyu ba sa zama ɗaya. Haka man ciyawar lemon tsami da ake sawa a wasu mayukan sauro, saurin tashi yake, da wuya ya kai awa biyu. Zama a tsakar gida da yamma, to. Shiga Falgore a watan Agusta, a'a. Turaren sauro da abin ɗaurawa a hannu kuwa babu ruwan kaska da su.

Masu karnuka: kaskar kare ja ce, tana iya yin rayuwarta duka a cikin gida, tana hawa bango ta ɓuya a tsaga. A yi wa karen magani, a yi wa makwancinsa, a maimaita bayan mako 2, a liƙe tsagogin da siminti. Maganin ɗigawa a ƙeyar kare kada a kuskura a ɗiga wa kyanwa.

Anti Binta Nas:
Duk abin da aka shafa aka fesa, wata za ta tsallake, don haka dubawa dole ce. Cizonta ba ya zafi, miyaunta yana kashe jin wurin, mutum sai ya kwana biyu da ita bai sani ba. An dawo a tuɓe a waje ko a banɗaki, a yi wanka cikin awa 2, a bi jiki da ido da hannu: cikin gashi, bayan kunne da cikinsa, hammata, ƙarƙashin mama, cibiya, inda tazuge yake zama, matsematsi, bayan gwiwa, tsakanin yatsun ƙafa. Yara a duba musu kai sosai, mai kitso a bi tsaga-tsaga. Ƙaramar tana kama da baƙin tabo, in aka ga tabon da ba a san shi ba a haska tocila. Kayan da aka cire, ruwan sanyi ba ya kashe ta, sai ruwan zafi ko guga.

Cirewa: matsefata mai siririn baki. A kama ta daf da fata, a kai, ba a ciki ba. A ja sama a miƙe, a hankali, ba fizga ba murɗawa, a riƙe jan har ta saki. In babu matsefata a yi zarge da zare a wuyanta daf da fata a ja haka nan. Ba a sa mata kananzir, basilin, manja ko wutar ashana. Waɗannan jinkiri suke kawowa, kuma suna iya sa ta amayo abin cikinta a cikin ciwon, wanda shi ne ake gudu. A wanke wurin da sabulu, a goga sipirit. Irin biyun da Malam Tijjani ya faɗa bakinsu dogo ne, yakan karye ya zauna. In ya fito da sauƙi a cire, in bai fito ba kada a haƙa da reza ko allura, fata za ta turo shi da kanta.

Kuma a daina murƙushe ta tsakanin farce biyu kamar kwarkwata. A jefa ta a sipirit, ko a naɗe a salatif, ko a ƙona. A rubuta ranar da aka cire.

Dakta Nura, likitan dabbobi:
Wannan na murƙushewa a ja masa layi, musamman mahauta a abbatuwa da masu cire wa shanu kaska da hannu. Mai ratsin ƙafa ita take ɗaukar zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda aka fara ganewa a Kirimiya a 1944. Dabbar da ke ɗauke da shi lafiyarta lau, ba alamar komai. Mutum yana kamuwa ta cizo, ko ta jinin kaskar da ya fashe a hannunsa, ko jinin dabba wajen fiɗa. Cikin mutum 100 da suka kwanta da shi, 10 zuwa 40 suna rasuwa, kuma babu allurar rigakafin da ake yi wa jama'a. Safar hannu ta roba ba tsada gare ta ba.

Abba Gwale:
Anti, bayan an cire, me zai sa a tafi asibiti?

Anti Binta Nas:
Ɗan ja da ƙaiƙayi na kwana ɗaya biyu ba komai ba ne. A sa ido na mako biyu zuwa uku. In zazzaɓi ya zo bayan kamar kwana 5 zuwa 7, da ciwon kai, ciwon wuya da tsoka, kaluluwa, kuma inda ta ciza ya yi baƙin ɓawo da ja a kewaye kamar ƙunar sigari, wannan zazzaɓin cizon kaska ne, mai zanen baya take kawo shi. Ɓawon yakan fito wuri fiye da ɗaya. Kama yake da maleriya, shi ya sa ake ta shan maganin maleriya da na taifot ba sauƙi. A yi gwajin maleriyar, amma a buɗe baki a ce wa likita kaska ta cije ni ranar kaza, a nuna masa ɓawon ko da a wurin kunya yake. Maganinsa doksisaikilin, likita ne zai rubuta, mai ciki kuma ta faɗa tun kafin a rubuta.

Wanda Dakta ya faɗa ya fi sauri, kwana 1 zuwa 3 bayan cizo, iyaka 9. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, jan ido, amai, daga baya haɓo, jinin dasashi, ko tabon jini a ƙarƙashin fata. Wannan ba na kemis ba ne, a wuce Asibitin Zana ko na Malam Aminu Kano kai tsaye, kuma mai jinya kada ya taɓa jini ko amai da hannu tsirara. Kafin a isa, farasitamol kawai. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini.

Famasis Hadiza:
Har da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, Anti, don kusan kullum akwai ɗaya daga cikin ukun nan a ciki.